Yadda Bakina Ya Tashi Maƙerin Lungunmu

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Na lura yawanci manya ne ke rubuto muku, masu furfura da ciwon baya, amma ina roƙon a matsa mini kaɗan a kan tabarmar. Ni ɗalibi ne, ko gemu ban fara ba, kuma laifina guda biyu ne ƙanana. Na sha mangwaro na jefar da ƙwallon inda bai kamata ba, sannan na buɗe baki a inda ya kamata in rufe shi. Na farkon kowa na yi. Na biyun ne ya sa har yau idan na zo wucewa ta wata ƙofa a lungunmu nake ɗaga ƙafa kamar kare ya biyo ni.

A lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare a Gwarzo, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na iya ba da labari yadda yake. Idan akuya ta shigo gidanmu ta ci ganye biyu, kafin in isa bakin masallaci ta zama raƙumi, ta cinye rumbu, ta nemi ruwan wanke hannu. Ba mugunta ba ce. Dariyar mutane nake so kamar yadda wasu ke son tsire. Innata takan ce ranar da aka haife ni bakina ne ya fara fitowa, sauran jikin ya biyo baya da yamma. Malamarmu ta Turanci kuwa, wata 'yar Kudancin Kaduna mai fara'a da zafin bulala, suna ta raɗa mini, Gidan Rediyo, kuma sunan ya bi ni har gida.

Lungunmu yana cikin tsohuwar unguwa. An ce a zamanin kakana idan ka shigo da safe sai ka yi gaisuwa har muryarka ta dushe kafin ka fita ɗaya bakin. Amma ni da na buɗe ido kangaye na tarar. Masu hali sun yi gini a bakin titi, samari sun tafi Kano da Kaduna da Abuja, tsofaffi kuma suna ta tafiya inda ba a dawowa. Gidan ƙasa kuwa ba ya jure kaɗaici. Damina ta farko indararo zai toshe, ta biyu rufi zai fara yoyo, ta uku sai ka tashi da safe ka ga ɗakin da aka haifi ubanka ya zama wurin kiwon ƙadangaru. Tsofaffinmu suna cewa hayaƙin girki ne ke korar gara daga azara, gidan da aka daina hura wuta a cikinsa ya fara mutuwa ke nan ko da bangonsa na tsaye. Kwatar lungun ta cika da leda, sauron wurin kuma, wallahi sai da na taɓa ganin wani ya tsaya yana hutawa saboda ƙiba. Ko mai tallan goro ba ya shigo mana. Gidan da ya fi kowanne girma shi ne na kakana, mai dogon zaure, wanda a rabon gado ya faɗo a hannun Baffana, yayan Babana, da ke kasuwanci a Kano. Shekara da shekaru yana kulle. Mu yara muna haurawa ta inda katanga ta zube mu yi wasan ɓuya.

Wata ranar bazara mai unguwa ya zo ƙofar gidanmu da wani mutum dogo, siriri, mai ƙonannun yatsu. Maƙeri ne daga wani ƙauye can yammacin jihar Katsina, inda 'yan bindiga suka hana mutane noma da barci. Ya taso da matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa tsohuwa, kuma abin da ya fi damuwa ya tsira da shi bayan rayukansu shi ne uwar maƙerarsa, wannan dunƙulen ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a buga. Babana ya kira Baffa a waya, aka yi magana a gaban mai unguwa, aka ba shi aron gidan yadda aka saba a wajenmu. Zai zauna ba haya, shi kuma ya riƙe gidan da rai: ya yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, ya buɗe indararo, ya hura wuta. Amma abu biyu ba zai yi ba. Ba zai sa siminti ba, kuma ba zai dasa itace ba. Ina wurin aka faɗi wannan, ni na kawo ruwan sha, sai dai hankalina yana kan yadda baƙon ke magana irin ta mutanen yamma, ina haddacewa don in kwaikwaya wa abokaina. Maganar itace ta shiga ta wannan kunne, ta gaida ɗaya kunnen, ta fice.

Abin da ya biyo baya, ko ni da nake ƙarin gishiri ba sai na ƙara komai ba. Maƙeri ya kafa maƙerarsa a zauren kakana. Ran da masabarsa ta fara sauka a kan ƙarfe, tsofaffin lungun suka leƙo kamar an yi sallama da su. Kafin damina ta kankama labari ya kai Lakwaya da Getso da Sabon Birni cewa akwai wani baƙo a Gwarzo da idan ya yi wa fartanya baki sai ta ga bayan shuka da noman fari ba ta dakushe ba. Manoma suka fara shigowa da garemani da laujuna ɗaure a bayan babur. Mai jira kuwa yunwa yake ji, don haka wata gwaggo da ke maƙwabtaka da mu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ta fito da kaskonta ta fara ƙosai a bakin zauren. Wani saurayi da ya dawo daga Abuja hannu rabbana ya kafa teburin shayi. Da masu kangaye suka ji a can inda suke cewa gidan kakana ya sha yaɓe ya yi fes, sai su ma suka fara ba da aron nasu, wasu iyalai biyu daga yankin su Maƙeri suka shigo. Ita kanta Malamarmu ta Turanci, da mijinta ɗan Filato mai sayar da dankali da kayan miya, suka kama haya a lungun, wai sun gaji da tsadar bakin titi, kuma yanzu wurin ya yi mutane. Ita ce ta tsaya da hannu a ƙugu wata Asabar ta ce ba za ta zauna sauro ya gaje ta da rai ba. Aka yi gayya, baƙi da 'yan gari, Maƙeri ya ba da aron shebur da magirbi, aka yashe kwatar tas. A cikin abin da aka tono har da takalmina da ya ɓata tun ina firamare, wanda aka yi mini dukansa sau biyu.

Ni kuwa na tare a maƙera. Ina dawowa daga makaranta sai in jefar da jaka in karɓi zugazugi, ina zuga wuta ina zuga labari. Baba Maƙeri, haka nake kiransa, ba mai yawan magana ba ne, amma ya iya sauraro. Idan na sharo wata ƙaryar sai ya dakata da bugu, ya dube ni ta gefen ido, ya ce in bari ya ajiye ƙarfen nan kafin ta faɗo masa a ƙafa. Yakan ce wa manoma wannan yaron ɗan gidansa ne, gyara a biya, labari kyauta. Matarsa ba ta taɓa sauke tukunya ba ta ɗebar mini ba. A ɗaya daga cikin irin waɗannan ranaku ne wani manomi ya kawo masa tsarabar mangwaro. Na sha nawa a tsakar gida, na tsotse ƙwallon har ya yi fari, na wurga shi bayan madafa, wajen da ruwan wanke-wanke ke taruwa. Da damina ta zo sai ga shi ya tsiro, ganye huɗu jajaye. 'Yar autar Maƙeri, wata ƙaramar yarinya mai giɓi, ta gan shi, ta kewaye shi da fasasshiyar tukunya saboda awaki, ta ce nata ne. Uban bai ma san da shi ba sai daga baya, kuma da ya gani ya so ya cire, yarinyar ta yi ta kuka, ya ce to a bari zuwa rani, ai ba ya kai labari.

Da hutun makaranta na lokacin sanyi ya zo na tafi Kano gidan Baffa, kamar yadda nake yi duk shekara. 'Ya'yansa 'yan birni ne, suna kallona a matsayin ɗan ƙauye, makamina kawai a kansu shi ne bakina. Wata rana bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, Hajiya matar Baffa tana tsince shinkafa, shi kuma yana gefe a kan darduma da carbi, suka ce in ba su labarin gida. Na gyara zama. Na ce ai lungunmu yanzu ya fi kasuwa cika, idan ka jefa allura sama a kan hular wani za ta sauka. Na ce ƙarar masabar Maƙeri ta sa kajin unguwa suna yin ƙwai a soye. Na ce wata farar kyanwa ta shiga zauren ta fito baƙa ƙirin, har mai ita ta kore ta da muciya. Suna ta dariya, Hajiya har da share hawaye da gefen mayafi. Dariya kuwa a wajena kamar man fetur ce. Sai ɗaya daga cikinsu ya tambaya, to gidan kakanmu fa? Na ce wane gidan kakanku, ai yanzu idan ka ce wa ɗan acaba gidan Alhaji sai ya tambaye ka wane Alhajin, amma ka ce gidan Maƙeri, ido rufe zai kai ka. Wannan kam gaskiya ce. Da na tsaya a nan da ban rubuto muku ba. Amma na ga har yanzu akwai sauran dariya a cikinsu da ban tatso ba, sai na ƙara da cewa har lambun mangwaro aka yi a tsakar gidan, layi-layi, baɗi war haka tirela za ta fara lodi zuwa Legas.

Carbin Baffa ya tsaya. Bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi mini, wai wa ya dasa. A nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita a buɗe, na ƙi bi. Da na ce ni ne na tofar da ƙwallo, da an yi dariya an tashi. Amma labarin zai lalace, tirelata za ta koma fanko. Na ce Maƙeri mana, wa zai dasa. Baffa ya ce to, ya ci gaba da jan carbinsa. Ni har na manta kafin a kira magariba.

Ban daɗe da komawa gida ba Baffa ya kira Babana. Ya ce a gaya wa baƙon ya nemi wani wuri kafin ruwa ya sauka, yana da buƙatar gidansa. Babana ya tambayi dalili, ya ce shi dai ya faɗi abin da zai faɗa. Babana mutum ne da ko zama ba ya yi a kujera idan yayansa na tsaye, don haka ya ɗauki saƙon kamar mai ɗauke da garwashi a tafin hannu ya kai maƙera. Ina riƙe da zugazugi aka faɗa. Baba Maƙeri ya ajiye masaba, ya goge hannu a jikin riga, ya ce ya ji, gida na mai shi ne, Allah ya saka wa Alhaji da alheri a kan inuwar da ya ba su. Bai tambayi laifin da ya yi ba. Ya ɗauki awartaki ya ce mini in zuga, wutar tana mutuwa. Na zuga, amma tun kafin Babana ya rufe baki na san daga inda abin ya fito.

Lungu ya ɗauka. Gwaggo mai ƙosai ta ce tabbas wani munafuki ne ya kai tsegumi Kano, kuma ta yi masa addu'o'in da ba zan iya rubutawa a mujallar da yara ke karantawa ba. Mafi sauƙinsu shi ne Allah ya sa harshensa ya kumbura ya cika masa baki kamar gwaza. Ina tsaye a gabanta da ƙosanta a hannuna, ta ce ba ka ce amin ba, ɗan nan. Na ce amin. Ranar sau goma na duba harshena a madubin babur. Na daina zuwa maƙera, na ce kaina ke ciwo. Na daina ba da labari. Na zama yaron kirki har Innata ta fara tunanin kai ni wajen mai magani.

Malama ce ta gano ni. Ta tsayar da ni a ƙofar gidanta tana wanki, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin rediyon da batirinsa ya ƙare rana ɗaya da tashin maƙwabci ba. Na fara kame-kame, ta ce Gidan Rediyo, ni fa nake duba jarrabawarka, na san fuskarka idan ka yi satar amsa. Sai na fashe da kuka na faɗa mata komai, har da kyanwar. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma baƙuwa ce a garin nan, shekarunta da yawa tana koyar da 'ya'yan mutane, ana girmama ta, amma har gobe idan ta ji an ambaci sunanta a inda ba ta nan sai gabanta ya faɗi, don baƙo ba shi da kakan da zai tsaya masa, sunansa kawai gare shi. Ta ce ɗan gari idan aka yi masa ƙarya ransa ne zai ɓaci, baƙo kuwa kayansa zai ɗaure. Sannan ta matse zanen da ke hannunta ta ce in je in gaya wa Babana da ƙafata, ko ta kai ni da kunnena.

Na yi zaton Babana zai sassaɓa mini fata. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya tambaye ni ko na san abin da ya sa aka ce mai aron gida kada ya dasa itace. Na ce a'a. Ya ce mutum ba ya dasa abin da sai bayan shekaru zai ci 'ya'yansa sai a inda yake ganin nan ne wurinsa. Yaɓe ruwa na wankewa, hayaƙi iska na ɗaukewa, amma itace shaida ce mai tsayuwa. Gobe idan manya sun kau, 'ya'yan baƙo za su nuna shi su ce ubanmu ya dasa, 'ya'yan mai gida su ce kakanmu ya gina, daga nan sai kotu. Ya ce Baffanka ya ga abokinsa ya tsufa yana zaryar irin wannan shari'a, shi ya sa da ka ce lambu, shi ba mangwaro ya ji ba, ji ya yi an fara cinye masa gidan ubansa. Daga nan ya miƙo mini wayarsa ya ce bakin da ya ɗaura shi zai kwance. Na kira Baffa na faɗa masa gaskiyar mangwaron. Ya saurare ni har na gama, ya ce zai zo ya gani da idonsa, abin da ya kamata ya yi tun farko.

Ya zo ranar Asabar da hantsi. Rabin lungun suka biyo shi har tsakar gidan, ni ina gaba kamar ragon da za a kai mahauta. Na kai shi bayan madafa na nuna masa lambun. Tsayinsa bai kai gwiwata ba, kuma akuya ta riga ta ci rabin ganyen. Baffa ya daɗe yana kallonsa, ya juyo ya dube ni, ya ce to Alhaji mai lambu, ta wace ƙofa tirelar za ta shigo. Mutane suka kwashe da dariya. A rayuwata wannan ce dariya ta farko da na jawo ban ji daɗinta ba. Gwaggo mai ƙosai kuwa ta riƙe haɓa ta ce au, ashe kai ne, kuma ka ci ƙosaina ka ce amin.

Daga nan Baffa ya zaga gidan. Ya shafa bangon da aka yaɓe, ya ɗaga kai ya dubi azara, ya leƙa rijiyar da aka yashe. Da ya zo ɗakin mahaifiyarsa, kakata, ya tarar da shi a share, ba wanda ya taɓa kwana a ciki, har tsohon faifanta yana rataye inda ta bar shi. Matar Maƙeri ce take shiga ta share ta yi turare ta ja ƙofa. Baffa ya tsaya a bakin ƙofar, ya cire hula ya mayar. Sannan ya koma zaure, ya tsuguna a gaban Maƙeri a kan toka da babbar rigarsa, ya ce Malam ka yafe mini, na yanke hukunci da kunne. Ya ce ya zauna iya yadda yake so, mangwaro kuma idan ya ga dama ya dasa goma.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara shirya yadda zan ba da labarin. Amma Baba Maƙeri ya yi godiya, ya ce babu komai a ransa, sai dai ya riga ya ba wani mutumin Kabo kalmarsa. Manomi ne da ke kawo masa gyara, da ya ji abin da ya faru ya ce yana da shago da ɗakuna a baya, kuma sun riga sun yi hannu. Baffa ya ce shi zai je da kansa ya ba mutumin haƙuri. Maƙeri ya girgiza kai. Ya ce Alhaji, sau ɗaya aka tashe shi da bindiga, bai zaɓi rana ba, bai zaɓi hanya ba. Wannan karon hira ce ta yara a wani gari mai nisa ta janye tabarmar da 'ya'yansa ke kwance a kai. Bai ga laifin kowa ba, amma tsohuwarsa tun ranar da saƙon ya zo ta ɗaure ƙullinta, da shi take kwana a ƙarƙashin kai. Ya ce gara ya je inda zai riƙa biyan haya, ya san ranar shigarsa ya san ta fitarsa. Mai unguwa ya sa baki, liman ya sa baki, mijin Malama ma ya roƙe shi. Ya saurari kowa da ladabi, ya ce Allah ya bar zumunci.

Ranar tafiya aka kawo a-kori-kura. Uwar maƙera sai da ƙarti suka taru kafin ta hau. Abu na ƙarshe da ya yi a gidan shi ne ya ɗauki magirbi ya tono mangwaron da ƙasarsa, ya sa wa 'yar autarsa a wani tsohon bokiti, ya cike ramin, ya daddale da ƙafa har ba a gane wurin. Ya ce kada a ce ya bar saiwa a gidan mutane. Ni na laɓe a bayan motar. Ya zagayo ya same ni, ya dafa kaina da wannan hannun nasa mai kaushi. Ya ce duk Gwarzo ba wanda ya sa shi dariya kamar ni a lokacin da ya manta yadda ake yinta, don haka kada in daina ba da labari, amma in riƙa dubawa wa na sa a ciki, kuma shin yana da inda zai je idan labarin ya faɗo masa.

Lungun bai koma yadda yake da ba, amma bai tsaya yadda ya kai ba. Iyalan nan biyu suna nan, Malama tana nan, gayyar kwata ma ana yi duk shekara. Sai dai manoma sun daina shigowa, Kabo suke wucewa. Gwaggo ta mayar da kaskonta bakin titi, inda hayaƙin mota ke sa ta tari, kuma har yau idan na je saye sai ta ce in buɗe baki ta ga ko harshen ya kumbura. Mai shayi ya koma Abuja. Baffa ya yi ta cigiyar wanda zai ba aron gidan, amma labari ya riga ya zaga, duk mai sana'ar da aka yi wa tayi sai ya ce a bar shi ya yi shawara.

Abin da na koya, na koye shi da tsada, kuma ba ni na biya ba. Da ina ganin mu ne muka yi wa baƙi alfarma da muka ba su kango. Yanzu na gane su ne suka hura mana wutar da muka bari ta mutu, kuma zaman da suke yi a cikinmu a kan zare yake, abu kaɗan ke tsinka shi. Ku 'yan'uwana masu baki irin nawa, ku yi ta mayar da akuya raƙumi, ba wanda zai kwana a waje saboda haka. Amma idan labarin ya zo kan wanda ba shi da kowa a garin, ku faɗe shi daidai tsayinsa. Ku kuma iyayenmu da kuka bar gidaje a ƙauye kuna birni, idan aka kawo muku magana ku shiga mota ku zo ku gani, musamman idan mai kawowar ɗan Babana ne.

Zauren kakana ya faɗi a damina ta biyu bayan tafiyarsu, gara ta cinye azarar. A hutun da ya wuce Babana ya aike ni Kabo da garmarsa. Na sami Baba Maƙeri da manoma zagaye da shi, har da mai ƙosai a gefe, wata daban. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi Innata da Malama da Alhaji, ya miƙo mini zugazugi kamar jiya muka rabu. Da na shiga gaida matarsa na ga mangwaron a tsakar gida. Ya kusa kai ƙirjina, an canza masa mazubi zuwa rabin duro, an ɗora duron a kan duwatsu don kada saiwa ta taɓa ƙasa. Na tambaye shi yaushe zai dasa shi. Ya ce gidan haya ne.